Shuɗin Fensir

Kwana bakwai a jere, sai hutun mako uku.
Haka Belmiro yake zuwa ɗakinmu na hawa na huɗu,
inda taga ke kallon kogin Tejo
da jiragen da ke ƙetarar da ma'aikata Lisbon.
Da kansa yake ɗaga riga.
Cikinsa duk sawun allurar jiya da shekaranjiya,
ja-ja, kamar cizon cinnaka.
Nakan nemi inda bai yi tsami ba, in soka.

Shekara tamanin da huɗu.
Bai taɓa tambaya ko zai warke ba.
Cewa ya yi: wannan ruwan, me yake yi in ya shiga?

Likita Noémia ta jawo kujera.
Ta ce: kowace ƙwayar jikinka littafi take goyo.
A ɓargonka wasu shafuka sun lalace,
waɗannan sun fi ƙarfinmu.
Amma wasu lafiyarsu ƙalau,
ɗan tambari kawai aka bi su da shi, metil sunansa,
aka danne layin da ke cewa
dakata, ya isa haka, girma ki zama jini.
Layin yana nan. Mai karantawa ne babu.
Sai ƙwayoyin su yi ta haihuwa, ba sa balaga.
Maganin yakan saje cikin rubutun sa'ad da ake kwafe shi,
ya riƙe hannun mai buga tambarin,
sabon kwafi ya fito da sauƙin tabo.

Ya yi shiru.
Sai dariya ta kama shi har ta koma tari.

Washegari ya zo da kwalin ashana,
a ciki guntun fensir shuɗi, bai kai ɗan yatsa ba.
Ya ce: Graciete, shekara tara na ci abinci da wannan.
Tsakar dare ake kawo mana jaridun gobe,
tawada ba ta bushe ba.
Ban taɓa ƙona takarda ba, ban yaga ba,
layi kawai nake ja.
Yaran da ba su dawo daga yaƙi ba, layi.
Tsadar busasshen kifi, layi.
Daren da ruwa ya ci unguwannin talakawa
aka ce mana a daina ƙirga gawa.
Na daina.

Kakata tana cikin waɗanda ruwan ya ɗauka.
A kan tebur ta ɗora mahaifiyata, ta koma ɗauko bargo.
Ban faɗa masa ba.
Na goge fatar da auduga, na ce ya ja numfashi.

Wata na farko jininsa ƙara faɗuwa ya yi.
Na biyu, leda biyu muka ɗaura masa.
A na biyar alƙaluma suka ɗan ɗago kai,
kamar shukar da aka tuna da ita.
Likita ta ce kada ya yi saurin guɗa:
jinkiri ne, ba sallama ba,
mai tambarin bai mutu ba, hannunsa aka riƙe,
ranar da aka saki zai koma bakin aiki.
Belmiro ya ce ya sani.
Ya san irinsu.

Yanzu yana hawa matakalar unguwarsu da hutu ɗaya.
Ya koma cin miyar kabeji, yana kushe gishirinta.

Ranar bakwai ta wata na takwas,
ina cire safar hannu, bakina ya riga ni:
Deolinda Carrasqueira.
Ya ce wace ce?
Na faɗa masa.

Ya daɗe yana kallon kogin.
Sannan ya juya takardar gwajin jininsa,
ya lashi bakin fensirin,
ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan,
harafi bayan harafi.
Hannunsa na rawa.
Ya gama, ya ajiye fensirin a gefe,
bai ja komai a kai ba.

Wata ta leƙo ta ce gado na uku yana jirana.